Leda a Kan Sa Hannun Karamanos

Ranar Talata, sha biyu ga Janairu, Iskandariyya ta wayi gari da ruwan sama mai zuwa a karkace daga teku, iska tana jijjiga tagogi kamar za ta ɓalle su. Masunta ba su fita ba. Kafin hantsi titunan unguwar Muharram Bek sun zama rafi.

Shafik Marzuk yana shan shayi a ɗakinsa da ke hawa na biyar, na ƙarshe a benen, sai ya ji ɗis. Ya ɗaga kai ya ga tabon ruwa a rufi, faɗinsa ya kai faranti, daidai saman kabad. Bai san lokacin da ya ajiye kofin ba. Ya taka kujera, shi mai shekara sittin da uku da ciwon gwiwa, ya sauko da wata faffaɗar jakar fata, ya shafa bayanta. A bushe take. Sai a lokacin ya ja numfashi.

Takardu talatin da bakwai ne a jakar. Shekara talatin da huɗu Shafik ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma tun yana saurayi yake tara su: takardun lamunin da kamfanonin jirgi na da suka riƙa bai wa waɗanda suka zuba kuɗi aka shimfiɗa layin dogo. Kowacce ta kai girman tire, da zanen kan jirgi yana hayaƙi, da ado a gefe kamar na zanen gado, a ƙasa kuma jerin 'yan ƙananan tikitocin riba waɗanda mai takarda kan yanke ɗaya duk shekara ya kai banki. Kamfanonin sun mutu tuni, ba mai ba ka ko sisi a banki. Amma attajiran da suka kafa su sun sa hannu da alƙalaminsu, kuma wannan sa hannun Shafik yake bi.

A cikinsu akwai ɗaya da ba ya buɗewa sai ya wanke hannu ya goge. Ta ƙaramin layin auduga ce na Kafr Sanad, bugun 1897, mai sa hannun Hawaga Istafan Karamanos, Baturen attajirin nan mai injinan gurzar auduga bakwai, wanda ya shimfiɗa dogo kilomita talatin don kawai kada raƙuma su jiƙa masa kaya. Kamfanin ya karye kafin ya biya ribar fari, saboda haka tikitocinta arba'in cif suke, ba wanda almakashi ya taɓa. Shekara goma sha tara Shafik yana nemanta. A kasuwar Attarin ya same ta, an shimfiɗa ta a ƙasan aljihun wani tsohon tebur. Tawadar sa hannun ta koɗe ta koma kalar shayi, kuma idan ka karkata takardar wajen haske za ka ga inda bakin alƙalami ya ɗan karce ta. Bai taɓa jin wani yana da irinta ba.

Ɗigon ya zama biyu, ya zama uku. Shafik ya naɗe jakar a bargo ya sauka hawa na uku, wurin ƙanwarsa Insaf.

"Yaya, lafiya? Jariri ka tsinto?"

"Rufina yana yoyo. Ɗora min wannan a kan kabad ɗinki kwana biyu."

"Au, amaren naka ne." Ta karɓa tana dariya. "Da mace ka riƙe haka da yanzu kana da jikoki."

"Insaf, ki saurare ni. Ruwa ne ajalinsu. Ɗigo ɗaya ya taɓa ta Karamanos, ni da ita mun gama."

"To, na ji. Ruwa ba zai taɓa su ba, na ɗaukar maka alkawari."

Abin da ya faɗa ke nan, kuma daga baya ya sha juya maganar a ransa yana neman laifinsa a ciki. Bai ce kada a buɗe ba. Wa zai yi zaton sai an faɗa?

Ranar Laraba ya wuni a kan bene shi da magini, suna jiran ruwa ya ɗan tsagaita su shafa kwalta, ya sake ɓarkewa su gudu. Ranar Alhamis da azahar rufin ya daina zuba. Ya wanke kwaltar hannunsa da kananzir, ya sake wankewa da sabulu har sau uku, sannan ya sauka.

Insaf ta buɗe ƙofa tana wani murmushi da bai gane ba. Ta ce ya zauna, ta kawo shayi, ta kawo biskit, ta tambaye shi gwiwa.

"Gwiwa da sauƙi. Ina jakar?"

"Kai dai ba ka iya jira ba. Sha shayinka."

"Insaf."

"Ka ɓata mana shiri. So muka yi sai gobe bayan masallaci mu ba ka mamaki." Ta zauna ta harɗe hannu. "Alhaji ya tafi da su shago tun jiya. Na gaya masa yadda hankalinka ya tashi, ya ce wannan ai abu mai sauƙi ne, zai yi musu maganin ruwa na har abada. Kuma kyauta, Yaya, ko kwabo ba zai karɓa ba."

Alhaji Gabir, mijin Insaf, yana da shago a gefen ofishin rajistar haihuwa. Yana sayar da biro da ambulan, yana hoton takardu, amma abin da ya riƙe shagon shi ne injin leda. Duk wanda ya fito daga ofishin da sabuwar takarda wurinsa yake nufa, a sa ta tsakanin leda biyu, a tura cikin injin mai zafi, ta fito a manne tana ƙyalli. Haka kowa yake yi a unguwar. Takardar haihuwa, ta aure, ta gama makaranta, ta fansho, duk abin da mutum yake ji da shi sai ya sa masa leda. Wanda bai sa ba, sakarai ne.

Shafik ya sauka benen ba laima, da silifas. Tafiyar minti goma ce, ya yi ta a cikin ruwa har idon sawu, wata mota ta watsa masa taɓo bai ko waiwaya ba. Yana tafe yana lissafi: injin ba ya sauri, shagon kullum a cike, wataƙila Alhaji bai samu sarari ba, wataƙila ɗaya ko biyu ya yi. Allah Ya sa ba ita ba.

Mutane shida ne a shagon, sun fake wa ruwa, kowa da takardarsa a ƙirji. Warin narkakkiyar leda ya tare shi tun daga ƙofa. Alhaji Gabir yana bayan kanta, ƙaton mutum mai fara'a, tabarau a kan hanci.

"Ustaz Shafik! Jama'a ga mai kayan nan da kansa. Insaf ba ta iya riƙe magana ba ko? Mata ke nan. Zo, suruki, zo ka ga aiki."

A gefen daman Alhaji an jera su, tuli guda, suna walƙiya kamar katin abincin gidan cin abinci. Shafik ya ɗauki ta sama. Ta layin Fayyum ce. Ta yi tauri kamar faranti, kalarta ta canja, kuma ta gajarce. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ina ƙasanta?"

"Wane ƙasa?"

"Tikitocin! Jerin tikitocin da ke ƙasa!"

"Au, waɗannan 'yan gutsattsarin? Ai ba sa shiga leda, suruki. Babbar ledata ma ba ta kai su ba. Na daidaita su da wuƙa, dubi bakin, kamar daga maɗaba'a. Hoton ai yana nan, ban taɓa hoton ba." Ya karɓe takardar, ya tsoma yatsa a kofin shayinsa ya yarfa mata, ya goge da hannun riga. "Ka gani? Ka jefa ta a teku ka dawo baɗi."

Wata tsohuwa da ke jira ta ce, "Ma sha Allah. Allah Ya yi wa hannun nan albarka."

Shafik bai ji ta ba. Yana birkita tulin, ɗaya bayan ɗaya. Babu ita. Ya buɗe jakarsa da ke yashe a kan kujera, ya duba waɗanda ba a kai gare su ba. Babu ita.

"Ina ta Karamanos?"

"Wace ce haka?"

"Koriya, mai hoton buhunan auduga!"

"Gimbiyar! Insaf ta ce ita ce ranka, shi ya sa na ba ta lokaci na musamman." Alhaji Gabir ya matsa gefe ya nuna da haɓa. "Ga ta can tana shiga."

Injin yana gurnani a hankali a bayansa. Rabin takardar ya riga ya shige, rabin yana waje cikin ledar da ba ta narke ba tukuna. Ƙasanta a yanke. Kuma a kusurwar dama, inda sa hannun yake, Shafik ya ga wani abu shuɗi shar.

Bai yi tunani ba. Ya kewaya kantar, ya ture Alhaji, ya fizge wayar injin daga bango.

"A'a! Kada ka kashe! Kai, kada ka kashe!"

Gurnanin ya tsaya. Takardar ta tsaya tsakanin ƙarafa biyu masu zafi. Shafik ya kama gefenta ya ja, ta ƙi. Alhaji Gabir yana laluben wayar a ƙasa yana salati, soket ɗin ya ɓalle ya rataya. Sai wani wari ya tashi wanda ba na leda ba. Kafin a nemo sukurdireba a kwance murfin, minti uku sun wuce, kuma da aka zaro ta akwai baƙin layi mai faɗin yatsa biyu ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe, ya cinye kan jirgin da rabin sunan kamfanin.

Ruwa yana ta dukan rumfar shagon.

Shafik ya ɗora ta bisa kantar ya sunkuya a kan sa hannun. An bi shi da biro, harafi bayan harafi, a tsanake. A ƙarshen sunan ma an ƙara masa wata 'yar lanƙwasa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni mana. Tawadar ta kusa mutuwa, ba mai iya karantawa. Rabin awa na ɓata a kai, ban kauce ko kaɗan ba."

"Ka bi hannun Karamanos da biro."

"Na raya shi, suruki."

"Ka raya shi? Mutum ya zauna shekara ɗari da ashirin da suka wuce ya tsoma alƙalami ya rubuta sunansa, takardar ta tsira daga yaƙi biyu, ta tsira daga gara, ta tsira daga ɓeraye a aljihun tebur, sai ta zo ta mutu a hannun mai sayar da ambulan! Wa ya aike ka? Wa ya roƙe ka? Ka taɓa tambayata? Hawa biyu ne tsakaninmu, Alhaji, hawa biyu!"

Fara'ar Alhaji Gabir ta ɗauke. Ya cire tabarau.

"Mai sayar da ambulan. To, na gode. Jama'a ku shaida, jiya har la'asar ban saurari kowa ba saboda takardun bawan Allahn nan. Ledata mai kauri na sa, wadda nake ɓoye wa takardun alƙalai. Kuma wa ya ƙona ta? Ni ko kai? Da ka bar injin ya gama da yanzu tana nan lafiya lau."

"Lafiya lau! A yanke, a manne, da bironka a kai!"

"Haba Ustaz," in ji wani mai gashin baki da ke riƙe da takardar auren 'yarsa. "Mutum ya yi maka alheri. Ko ba ka so, ai sai ka ce an gode."

"Takardar banki ce?" wani ya tambaya. "Ana karɓar kuɗi da ita?"

"Ina fa," in ji Alhaji. "Kamfanin ya mutu tun kakana bai yi kaciya ba."

"To, a kan me ake ihun?"

Aka yi dariya. Tsohuwar nan ta girgiza kai ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfin da kowa zai ji, rashin aure ne yake kawo irin wannan.

Wannan dariyar ta fi ƙunar ci wa Shafik rai. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen kirki, kowa rungume da takardarsa yana jiran a narka mata leda, ya ga babu ko ɗaya da zai fahimta ko da zai kwana yana bayani. A idonsu Alhaji ya ɗauki tsummokara ya mai da su kayan ado, wani tsohon mahaukaci kuma ya zo ya fasa masa inji.

Ya durƙusa ya jawo kwandon shara daga ƙarƙashin kanta. Tikitocin suna ciki, a cakuɗe da ganyen shayi da ɓawon lemo da takardar da aka ci wake a kai. Na jiya babu su, mai shara ya kwashe da safe. Ya tsince abin da ya tsintu ya zuba a aljihu, ana kallonsa. Ya tattara takardunsa, masu leda da marasa leda, ya cusa jakar a cikin rigarsa ya fita.

"Soket ɗina fa?" Alhaji ya ɗaga murya a bayansa. "Wa zai gyara?"

Bai nufi gida ba. Ya tari tasi zuwa Attarin, wurin Usta Zakhari, tsohon maɗinkin littattafai wanda ya taɓa cire masa tabon mai daga wata takarda da garin alli da haƙuri. Usta Zakhari ya shimfiɗa su a tebur, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wane maƙiyi ne ya yi maka wannan?"

"Surukina."

"Gara maƙiyi. Maƙiyi sata zai yi, ka same su a kasuwa." Ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce. "Gyaran gangar Auzinawa. Wannan ba rufi ba ne, Shafik, gam ne ya narke ya shiga cikin jikin takardar."

"Ka gwada, Usta. Ko ɗaya."

"Ba ya fita."

"Don Allah ka gwada."

Suka zaɓi wadda ta fi sauƙin samu, ta wani layin Siriya. Usta Zakhari ya yanke bakin ledar, ya ɗumama ta kaɗan da dutsen guga ta bayan ƙyalle, ya sa siririyar wuƙa yana ɗagawa a hankali kamar mai ɓare ƙwai. Ledar ta taso. Ta taso da hoton, da rubutun, da sa hannun, ta bar farar takarda mai gashi-gashi a tebur. Ya ajiye wuƙar.

"Ka gani da idonka. Sauran ka bar su yadda suke." Ya jawo ta Karamanos ya karkata ta wajen taga. Kartar alƙalamin ta ɓace a ƙarƙashin biron. "Ita kam, Allah Ya ba ka haƙuri."

Da la'asar Shafik ya dawo gida. Insaf tana tsaye a bakin ƙofarta a hawa na uku, da alama ta daɗe tana jiran ƙarar takunsa. Idonta ya yi ja.

"Yaya, a gaban mutane? Ka ture shi a cikin shagonsa, ka ce masa mai sayar da ambulan?"

"Ba shi yake sayarwa ba?"

"Ko abincin rana bai ci ba. Shekara ashirin da takwas yana girmama ka. Kai ka ce ruwa ne ajalinsu, da bakinka ka faɗa. Mu me muka sani? Takardar haihuwar 'ya'yana duk shi ya sa musu leda, ko ita ma lalata ta ya yi?"

"Takardar haihuwa in ta lalace ofis zai ba ki wata gobe."

"To, kai ma ka sayi wata."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. 

"Ka shigo ka ba shi haƙuri," in ji ta, muryarta ta yi laushi. "Kalma ɗaya, Yaya. Shi ma zai ba ka, na san shi. A bar maganar a nan."

Daga ciki ya jiyo tarin Alhaji Gabir, irin tarin mai son a san yana saurare. Shafik ya san da gaske take, kalma ɗaya za ta wadatar. Zai ce a yi haƙuri, Alhaji zai rungume shi ya ce ba komai ai an zama ɗaya, a kawo shayi, kuma har ƙarshen rayuwarsu labarin zai zama na ranar da Ustaz Shafik ya haukace a kan tsofaffin takardu aka yafe masa.

"Ki gaya masa zan turo mai gyaran soket," ya ce. "Haƙuri kuwa, wanda aka yi wa ɓarna ake ba."

"Yaya!"

Ya ci gaba da hawa. Ya ji an rufe ƙofar da ƙarfi.

A ɗakinsa ya shimfiɗa sabon zanen gado, ya wanke hannu, ya fito da su ya ware kashi-kashi.

Ashirin da ɗaya suna cikin leda, an yanke musu ƙasa. Ɗaya ta salwanta a teburin Usta Zakhari. Biyar Alhaji ya riga ya daidaita da wuƙa suna jiran inji, ba leda amma ba tikiti. Tara ne kawai ba a taɓa ba. Tikitocin da ya tsinto daga shara sittin da uku ne, sha ɗaya daga ciki na Kafr Sanad, huɗu sun jiƙe da shayi. Sauran ashirin da tara na Kafr Sanad ba a gan su ba. Sai ita kanta ta Karamanos: rabi a leda, rabi a waje, ƙuna a tsakiya, da sa hannun Alhaji Gabir.